Raddi ga Masu Cewa Fentin Gwangwani Ba Ya Yi wa Jitar Lantarki

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo tsakanin makaɗan jitar lantarki da masu gyaranta, har ta kai ba a ƙara tambayar hujjarta. Ana cewa duk wanda ya sayi fentin gwangwani, irin wanda ake girgizawa a danna a fesa, da niyyar sabunta launin jitarsa a gida, ya zubar da kuɗinsa kuma ya ɓata kayan kiɗansa. A ganin masu wannan magana, jita ba ta karɓar fenti mai kyau sai a hannun mai injin feshi da kwamfuresa, a ɗakin da aka tanada don haka. Na ji wannan daga bakin mutanen da nake girmamawa, waɗanda suka riga ni riƙe tsirkiya da shekaru, kuma na san ba son rai ne ya sa suke faɗa ba.

Adalci ne in fara kawo hujjarsu yadda take. Sun ga jitar da aka fesa tun wata uku da suka wuce, amma har yau tana manne wa rigar mai ita idan ya yi gumi. Sun ga wadda fentinta ya fito da ƙuraje kamar ɓawon lemo, da wadda ya zubo a gefe ya daskare kamar hawaye, da wadda ya yamutse washegarin feshi kamar fatar da ta daɗe a ruwa. Daga nan suka yanke hukunci cewa abin da ke cikin gwangwani ƙaramin fenti ne, cewa gwangwani ba ya iya shimfiɗa ƙyalli irin na kamfani, cewa ba ya ƙarko, wasu ma suka ƙara da cewa yana kashe sauti. Duk abin da idonsu ya gani gaskiya ne, ni ma na gani. Inda muka rabu da su shi ne wanda suka ɗora wa laifin.

Mu fara da batun cewa fentin gwangwani ƙaramin fenti ne. Gwangwani mazubi ne kawai, da iskar gas a ciki mai turo ruwan fentin waje, da 'yar ƙwallo mai gauraya shi idan an girgiza. A 1949 ne Edward Seymour, a garin Sycamore na jihar Ilinoi ta Amurka, ya fara ɗura fenti a irin wannan mazubi, kuma tun daga lokacin babu irin fentin da ba a ɗura a ciki ba, mai kyau da marar kyau. Su kuwa jitocin da ake ɗauka a matsayin ma'aunin kyau, na kamfanin Fender na ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960, da fentin mota aka fesa masu launi na musamman a cikinsu. A wancan zamani kamfanin DuPont ne yake yin sa da sunaye biyu, Duco wanda yake nitiroselulos, da Lucite wanda yake akirilik. Jan da ake kira Fiesta Red launin motar Ford ne ta 1956, Surf Green na Chevrolet ne ta 1957, Lake Placid Blue kuma na Cadillac. A lokacin, mai saye yakan ƙara kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin jita idan yana son ɗaya daga cikin waɗannan launuka. Nitiroselulos ɗin nan da akirilik ɗin, su ne dai ake ɗurawa a gwangwani a yau, har akwai kamfanonin da ke haɗa su musamman don jita da waɗancan tsofaffin launuka. Bambancin da ke akwai ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye shi ba: na gwangwani an fi tsinka shi da tina don ya samu fita ta ƙaramin baki, saboda haka kowane feshi ba ya barin kauri sosai. Abin da hakan ke nufi shi ne a yawaita feshi, a ƙara kwanaki.

To me ya sa jitar wancan ɗan'uwa take manne wa riga? Nan ne asalin matsalar, kuma ya kamata a tsaya a kanta. Fentin da ake samu a gwangwani iri biyu ne manya, kuma ba hanya ɗaya suke bushewa ba. Nitiro da akirilik irin na mota suna bushewa ne idan tinar da ke cikinsu ta tashi. Duk sabon feshi yana ɗan narka na ƙarƙashinsa su haɗe su zama abu guda. Shi kuwa inamel, wato dangin fentin mai da ake yi wa ƙofa da taga, sai ya sha iska a hankali kafin ya yi tauri. Samansa yakan bushe cikin awa guda, ya rufe na ciki, na cikin ya zauna da laushi makonni, in an lafta shi da kauri ma watanni. Mafi yawan gwangwanayen da ke da araha a shagunan kayan gini inamel ne, an yi su don kujerar ƙarfe da keke da ƙofar gida. Mutum ya sayi wannan, ya lafta shi sau biyar a yini ɗaya, ya mayar da tsirkiyoyi bayan kwana uku. Dole ya manne.

Yamutsewa ma daga nan take. Tinar da ke cikin nitiro tana da zafi. Idan aka fesa nitiro a kan inamel, sai ta ci shi ta ɗaga shi, ya tattare nan take. Haka kuma inamel yana da lokacin da ake ƙara masa wani feshi, galibi a rubuce yake a jikin gwangwanin: ko dai cikin awa guda, ko kuma sai bayan kwana biyu. Wanda ya ƙara a tsakanin waɗannan lokuta biyu zai ga fentinsa ya yamutse ko da gwangwani ɗaya ya yi amfani da shi. Da a ce mai injin feshi zai haɗa waɗannan nau'o'i biyu a kofin injinsa ɗaya bayan ɗaya, abin da zai samu ke nan, injin ba zai cece shi ba. Saboda haka doka ta farko ita ce, fentin shimfiɗa da masu fentin mota ke kira faraima, da na launi, da na ƙyalli marar launi da suke kira kiliya, duka su zama iri ɗaya, in da hali daga kamfani ɗaya.

Hujja ta biyu ita ce wadda ta fi kama hankali, wato cewa gwangwani ba ya iya ba da ƙyalli irin na madubi. Amsata ita ce, a aikin jita injin feshi ma ba shi ne yake ba da wannan ƙyallin ba. Duk jitar da aka fesa, a kamfani ko a gida, tana fitowa da ɗan ɓawon lemo, ko kaɗan ko da yawa. Bayan ta bushe ne ake bin ta da samfefa a daidaita fuskarta, sannan a goge da man gogewa har ta yi sheƙi. A kamfani babban faifan ƙyalle mai juyawa ne yake wannan aikin, a gida kuwa hannu da tsumma mai laushi. Hannu ya fi jinkiri, amma inda faifan ya kai shi ma yana kaiwa. Mutumin da ya fesa ya tsaya a nan, ya kwatanta aikinsa da jitar shago, ya kwatanta rabin aiki ne da cikakke.

Bari in bi aikin daki-daki, don mai karatu ya ga inda kyawun yake fitowa. Da farko ana kwance jitar gaba ɗaya. A irin ƙirar Fender da kwafe-kwafenta, kusoshi huɗu masu zare ne ke riƙe da wuya, ana warware su wuyan ya fita. A cire kayan lantarki da gadar da ke riƙe tsirkiyoyi, a ɗauki hoton yadda wayoyi suke kafin a taɓa su. Sai a rufe ramin da wuya ke zama da salatif na takarda, a ɗaura wani itace a wurin ya zama mariƙi, don a samu rataye gangar jikin a kewaye ta ko'ina.

Nan mutane da yawa ke wahalar da kansu a banza. Mafi yawan jitocin da ke iso mana, ko na masu kiɗan biki a Agadas da Yamai ko na majami'u a Jos da Kaduna, masu araha ne ko na gwanjo, kuma fentinsu na kamfani foliyesta ne ko foliyuretan, mai tauri kamar tangaran. Ruwan cire fenti da kyar yake taɓa shi. Idan bai fashe ba kuma bai ɓare ba, babu dalilin cire shi, domin ba za ka samu shimfiɗar da ta fi shi daidaito ba. A cike wuraren da suka lotsa da abin cike ramin jikin mota, a bi ko'ina da samfefa mai lamba 320 har ƙyallin ya mutu gaba ɗaya, a goge da abin da ke cire maiƙo. Wannan gogewar ba ƙaramin abu ba ce. Man goge kayan ɗaki da ake fesa wa jita don ta yi sheƙi yakan ƙunshi silikon, kuma ɗigo kaɗan daga cikinsa ya isa ya sa sabon fenti ya riƙa gudu yana barin ƙananan ramuka kamar idon kifi. Wanda kuwa ya kai ga katako tsirara sai ya duba irinsa. Mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, da katakon ash suna da ƙofofin gashi a buɗe, sai an cike su kafin fenti, in ba haka ba fentin zai yi ta nutsewa a ciki. Alda da mafil ba su da wannan matsalar.

Sai faraima, sau biyu ko uku, a bari ta bushe a bi ta da samfefa mai lamba 400 a naɗe a jikin wani abu mai shafaffiyar fuska. Yatsu kaɗai suna barin kwari da tudu. Duk aibin da ido ya gani a kan faraima, launi zai ninka shi, don haka a nan ake zama har sai an gamsu.

Shi kansa feshin ba shi da wani sirri mai yawa. A girgiza gwangwani minti biyu cikakku bayan an fara jin ƙarar ƙwallon. A riƙe shi nesa da jikin kamar kamu ɗaya, santimita 20 zuwa 25. A fara dannawa kafin a iso kan katakon, a saki bayan an wuce shi, kowane layi ya hau rabin na gabansa. Matsowa kusa ko jinkiri shi ke kawo hawaye, nisa da sauri kuma su ke kawo ƙuraje. Kada feshi ya wuce uku a yini, da tazara a tsakaninsu. Idan gwangwani ya kusa ƙarewa yakan fara tofi, a ajiye shi a ɗauki sabo. In launin mai ƙyalƙyalin ƙarfe ne, kada a taɓa shi da samfefa kafin kiliya, domin zai tabo. Kiliya ita ce ke cin gwangwani, uku ko huɗu a gangar jiki ɗaya, saboda sai ta yi kaurin da samfefa za ta ci wani abu ta bar wani.

Daga nan sai jira, kuma a nan ne yawancin ayyuka ke mutuwa. Nitiro yana buƙatar mako uku zuwa huɗu a rataye. Taɓawa da yatsa ba ta nuna ya bushe. A sa hanci a jikinsa, in har ana jin warin tina to da saura, ko a danna farce a cikin ramin da murfi zai rufe, in ya bar alama a ƙara haƙuri. Wanda ya goge kafin lokaci zai samu ƙyalli a ranar, bayan wata guda fentin ya ci gaba da tsukewa, duk zanen samfefa ya dawo fili. Idan ya bushe sai a jiƙa samfefa a ruwa mai ɗan sabulu, a fara da 800 ko 1000, a hau 1500, a ƙare da 2000. A kiyayi gefuna da kusurwoyi, nan fenti ya fi siranta kuma nan samfefa ta fi huda shi. A kiyayi ruwa shiga ramukan kusoshi, domin katako zai kumbura ya tsaga fentin da ke kewaye. Sannan man gogewa irin na mota, mai kaushi sannan mai laushi. Duk wanda ya taɓa kaiwa wannan matakin ya ga fuskarsa ta fara fitowa a jikin katakon da ya yi wata guda yana kallo a dushe, ba zai ƙara yarda cewa gwangwani ba ya ƙyalli ba.

Akwai wani abu da nake ganin ya taimaka wajen ɓata wa gwangwani suna a wajenmu, wato yanayi. Na taɓa fesa kiliya a kan baƙar jita da safiyar wata rana a watan Agusta, bayan ruwan dare. Kafin minti biyar fuskarta ta yi fari-fari kamar hazo. Abin da ke faruwa shi ne, tina idan tana tashi da sauri takan sanyaya fuskar fentin, raɓar da ke cikin iska ta sauka a kai ta maƙale a ciki. Na jira rana ta buɗe iska ta bushe, na ƙara feshi ɗaya mai ɗan laima, ya narka na ƙasa, hazon ya fita. A bazara kuma, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Agadas, fentin yakan bushe a iska kafin ya isa jikin, ya sauka kamar yashi. Hunturu yana da busasshiyar iskar da nitiro ke so, amma ƙurarsa ba ta barin komai. A ganina lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙura ta sauko, da hantsi, a inuwa, an yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Waɗannan matsaloli duka mai injin feshi ma yana fama da su, sai dai shi ya san su, yana da tinar da ke jinkirta bushewa da ɗakin da zai rufe.

Batun ƙarko kuwa, a nan zan ba su wani ɓangare na gaskiya. Nitiro da akirilik na gwangwani ba su kai foliyestan kamfani tauri ba. Suna karcewa, suna gogewa a inda hannu ke yawan bi, nitiro ma robar abin jingine jita takan ci shi idan sun daɗe a haɗe. Amma wannan halin nitiro ne ko da wane inji aka fesa shi. Kamfanin Gibson har yau da shi yake fentin jitocinsa na Amurka, masu tsada, kuma haka suke tsufa. Makaɗi Eddie Van Halen da kansa ya fesa shahararriyar jitarsa da gwangwanin fentin keke na Schwinn, ya naɗa salatif ya fitar da zane baƙi da fari, kamar yadda ta fito a bangon kundin ƙungiyarsa na farko a 1978, ya ƙara ja a 1979. Ba na kawo ta a matsayin misalin santsi, domin ba santsi ya nema ba. Na kawo ta ne don ta yi shekaru tana shan gumi da duka a kan dandamali, fentin ya karce ya goge a wurare amma launinta bai bar ta ba. Wanda yake son tauri irin na mota, akwai kiliyar gwangwani mai haɗi biyu, ana danna wani maɓalli a gindinta sinadaran biyu su gauraya, a yi amfani da ita cikin kwana biyu kafin ta daskare. Tana bushewa da wuri kuma tana da tauri ƙwarai, sai dai tana ɗauke da sinadarin aisosiyanet mai jawo cutar asma, kuma ba na ba wanda ba shi da cikakken kayan kariya shawarar ya taɓa ta.

Zancen sauti ba zai ɗauke mu lokaci ba. Abin da ke ɗaukar sauti a jitar lantarki maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, yana jin motsin tsirkiyar ƙarfe a samansa. Fentin da bai kai kaurin farce ba a kan katako mai kaurin santimita huɗu da wani abu ba shi da tasirin da kunne zai kama bayan sautin ya bi ta amsa-kuwwa. A jitar da ba ta lantarki ba, wadda siririn katakon fuskarta ne ke fitar da amo, maganar daban ce, fenti mai kauri yana danne ta. Idan jitar lantarki ta canza bayan fenti, a duba abu biyu. Ko dai fenti ya shiga ramin wuya ya hana shi zama daidai, tsirkiyoyi suka yi sama ko suka kwanta, ko kuma an manta da wayar da ke haɗa gada da ƙasan lantarki, jitar ta kama gurnani. Dukansu kuskuren haɗawa ne, kuma ana gyara su cikin awa guda.

Akwai wuraren da ni ma zan ce a bar gwangwani. Tsohuwar jita mai daraja, irin Fender ko Gibson ta shekarun 1950 da 1960, ba a sake mata fenti ko da wane hannu, domin masu sayen irinta fentin asali suke biya, komai karcewarsa. Launin nan da ke farawa da rawaya a tsakiya ya narke zuwa baƙi a gefe yana yiwuwa da gwangwani, amma ba aikin ɗan koyo ba ne. Jitar da wuyanta yake a manne da gam ta fi wuyar sha'ani. Wanda zai yi jita goma, inji ya fi masa araha. Kuma idan aka lissafa gwangwani bakwai ko takwas da samfefa da man gogewa da takunkumi, wani lokaci kuɗin yakan kusa da abin da ƙwararren mai fentin mota zai karɓa. Wanda ba shi da wata guda na jira, ya kai masa, babu aibi a ciki.

Abin da ba zan sassauta a kai ba shi ne lafiya. Tururin nitiro yana kama wuta da sauri, kada a fesa kusa da murhu ko janareta ko mai shan taba, kada kuma a fesa a rufaffen ɗaki ko inda yara suke. Takunkumin ƙyalle yana tare ƙura ne kawai, tururin tina yana ratsa shi. Wanda ake bukata shi ne mai matatar gawayi a gefe biyu.

Ɗan'uwa mai jita, idan an gaya maka gwangwani ba ya yi, kada ka yi musu da kowa, kada kuma ka fara da jitarka. Nemi guntun katako mai santsi, ka bi shi da duk matakan nan da irin gwangwanayen da ka saya, daga faraima har man gogewa, ka ba shi makonninsa cikakku a rataye. Idan ya yamutse, ka gano fentinka bai dace da juna ba kafin ka yi asara. Idan ya fito da sheƙi, ka kai wa wanda ya gaya maka maganar ya riƙe a hannunsa ya duba, sannan ka kwance jitarka ka fara.